Yayana Ya Sa wa Ɗansa Albarka, Ni Na Juya Saƙon

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karatu, manyanku da yaranku. Ina roƙon a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Kuma don girman Allah, duk wanda yatsansa ya fara ƙaiƙayin rubuta mini zagi, ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ni ba yarinya ba ce, na ba hamsin baya da daɗewa, ina da jikoki uku, kuma babu kalmar da za ku jefe ni da ita wadda ban riga na jefi kaina da ita ba. Shawara na zo nema, don abin ya kai ni ko loma ba na iya haɗiyewa.

Mu mutanen Zariya ne, gidan malamai tun kaka da kakanni, amma yanzu ina zaune a Largo, nan Amurka, kusa da Washington. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya kawo ni. Aikinsa haɗa magunguna a wani asibiti. Matarsa ta rasu ta bar masa yaro ɗaya ɗan shekara tara, zan kira shi Nasir. Ni kuma a lokacin mijina ya rasu, ina zaune da 'yata Hafsat, sai Yaya ya yi mana takardu muka zo na riƙe masa gida. Ni na yi wa Nasir wanki, ni na koya masa alwala yadda ya kamata, ni nake shiga jirgin ƙasa in je Landover in nemo kuka da daddawa don yaron nan ya san ɗanɗanon gida. Ko a yau Gwaggo yake ce mini, amma a wayarsa uwa ya rubuta a kan lambata, na gani da idona.

Dole in faɗa muku halin Yaya, in ba haka ba ba za ku gane yadda ƙaryata ta rayu ba. Nasir ɗan fari ne, kuma Yaya irin mutanen da ne masu alkunya. Shekarun da ya yi a Amurka ba su goge masa ko ɗigo ba. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai dai ya ce "wannan yaron" ko "mutumin naki". Ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi, ko a mota suke su biyu sai dai rediyo ya yi magana. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi ban taɓa ganin uban da ke son ɗansa irin Yaya ba, amma haka mahaifinmu ya yi masa, haka shi ma ya yi. Duk maganar da ke da nauyi ta bakina take bi. "Ki ce wa wannan yaron ya rage dare a waje." "Gwaggo, ki ce wa Baba makaranta na son ya sa hannu." Ni ce wayar gidan. Yaron da ya tashi a nan, yana ganin uban abokansa suna rungume su a filin ƙwallo, yaya za a yi ya gane cewa shirun ubansa so ne? Na sha yi masa bayani yana ƙarami, ya gyaɗa kai kawai.

Akwai wani babban abin kiɗa na Turawa, fiyano, wanda a gidan aka tarar da shi. Waɗanda suka sayar wa Yaya gidan ne suka bar shi a ɗakin ƙasa, wanda muke cewa besmen, don nauyinsa ya fi ƙarfin a haura da shi matakala. Bayan rasuwar uwarsa Nasir ya fara sauka yana taɓawa. Wata malamarsa ta ji shi a makaranta, ta haɗa shi da wata tsohuwa mai koyar da abin, shi ke nan sai ya zama kamar an yi masa asiri. Kuma ba kiɗan rawa ba ne, ba waƙa a ciki, irin na Turawan da ne, wanda ake karantawa a takarda, mutane su zauna shiru kamar a wurin makoki. Sai ya yi awa huɗu yana maimaita wuri ɗaya har in ji kamar in kurma ihu. In leƙa in ce, "Kai Nasir, wannan ƙwanƙwasar ba ta ƙarewa ne? Tuwo ya huce!" Ya yi dariya ya ce saura kaɗan, Gwaggo. Yaya bai taɓa sauka ɗakin nan ba. Amma da zarar an fara kiɗan, sai ya rage muryar talabijin, ya tashi kamar zai ɗebi ruwa, ya bar ƙofar matakala a buɗe. Na lura da hakan tun da wuri. Na faɗa muku ne don kar wani ya yi mini uzurin cewa ban san zuciyar yayana ba.

Shekarar da Nasir zai gama sakandare, ita ce shekarar da aka kawo maganar auren Hafsat. Gidan Kanawa ne a Upper Marlboro, masu hali, masu bin diddigin asali. Wata Asabar a gidan suna, ina tsaye ina zuba wa mata waina, uwar yaron da ke neman Hafsat ta ɗaga murya ta ce, "Hajiya, ashe kuna da makaɗi a gida ba ku faɗa ba? An ce har gasa yake ci. To ai mun huta, ba sai mun ɗauko masu kalangu daga gida ba." Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Mu da aka rene mu a kan cewa makaɗi a ƙofar gida yake tsayawa ya yi roƙo, ba ya shiga zaure! Jikan limamai a ce masa makaɗi, a gaban surukan da nake lallaɓawa? Na koma gida da maganar nan tana ci na kamar tsutsa a goro.

Kwana huɗu bayan nan Nasir ya same ni a kicin da takarda a hannu. Wata babbar makarantar kiɗa a New York ta ɗauke shi, bayan gwajin da ya je ya yi. Akwai kuma jami'a nan kusa da ta ba shi gurbin karatun likita. Hausarsa ba ta da ƙwari, yana yi yana haɗawa da Turanci, amma ranar da Hausa ya dage. "Gwaggo, ki kai wa Baba. Ki gaya masa wannan nake so. In ya ce a'a, to." Bai ƙarasa ba. Na karɓa ina murna a ciki, don na tabbata Yaya zai kashe maganar, ni kuma hannuna fes.

Na sami Yaya a falo bayan la'asar. Ya karanta takardar, ya koma farko ya sake karantawa, ya cire tabarau. Sannan ya ce, "Yana sallah?" Na ce yana yi. "A kan lokaci?" Na ce a kan lokaci. Sai ya ce, "To ki ce masa ya je. Allah ne ya ba shi, ba ni ba. Ki ce na amince, Allah ya yi masa albarka, ya sa ya fi ni." Na ce haba Yaya, kiɗa fa? Me za mu ce wa mutanen gida? Me zan ce wa surukan Hafsat? Ya ce, "Ki ce musu ɗana ne." Wannan ne karo na farko da na ji ya ce ɗana da bakinsa. Na sake buɗe baki, ya mayar da tabarau ya ce ya gama magana.

Jama'a, matakalar besmen ɗin nan ba ta da tsawo, amma a kanta na halaka. Na fara sauka da saƙon Yaya a bakina, kafin in kai ƙasa na canza shi. Nasir yana zaune a gaban fiyano bai taɓa ba, yana jira. Na ce, "Ya ce ba ya so. Ya ce in ka tafi, ba da yawunsa ba." Haka kawai, ko muryata ba ta yi rawa ba. Na ga fuskarsa ta sauka. Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?" Na ce shi ke nan, ka san babanka ba ya magana biyu, kar ma ka je ka tayar masa da ita. Lissafina shi ne yaron mai biyayya ne, zai yi kuka kwana biyu ya haƙura ya zama likita, nan da shekara goma ya gode mini. Shi kuma Yaya in ce masa yaro ya canza ra'ayi. Wa zai sani? Su da ba sa magana?

Sai ga shi Nasir bai haƙura ba. Sati biyu bai taɓa fiyano ba, gidan ya yi tsit, sannan ya zo ya ce mini, "Gwaggo, zan tafi. In na bari mutuwa zan yi." A nan ya kamata in faɗi gaskiya. In ce ɗana wasa na yi, ko tsoro ne ya kama ni, je ka babanka ya sa maka albarka. Me ya hana ni? Girman kai, ba wani abu ba. Ta yaya zan tsaya gaban yaron da na rena in ce na yi ƙarya? Ta yaya zan kalli Yaya? Na ce a raina bari ya tafi, in ya sha wuya zai dawo, maganar ta mutu.

Ranar tafiya ya shiga falo ya durƙusa daga nesa ya ce, "Baba, zan tafi." Ina tsaye a bakin ƙofa. Kalma ɗaya ta ƙaru a tsakaninsu, asirina ya tonu. Yaya bai ɗago daga littafin da ke hannunsa ba, ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Shi a wurinsa ya riga ya aika albarka, kunya ba za ta bar shi ya maimaita a gaban ɗan fari ba. Shi kuma yaro ya ji wannan gajeriyar amsa ya ɗauka fushi ne. Ya tashi ya ja akwatinsa. Da motar da ta ɗauke shi ta bar layin, na ga Yaya a bayan labule yana leƙe.

Auren Hafsat aka yi lafiya lau. Kun san abin takaici? Surukan nan masu asali su suka ɗauko mai kiɗa, aka yi rawa har ƙafa ta gaji, babu wanda ya ƙara tambayar Nasir. Wannan Hajiyar da ta yi mini gori, yau ita ke tura bidiyonsa a zauren mata na waya tana cewa ɗanmu ne. Wato a kan maganar da mai ita ta manta kafin ta gama cin waina na raba ɗa da uba.

Shekara bakwai aka yi a haka. Ƙarya kuwa kamar jariri take, kullum sai an ba ta abinci. Nasir ya daina zuwa sai jefi-jefi, in ya zo ya gaida ubansa daga bakin ƙofa ya gudu besmen. In zai yi babban wasa ya kira ni ya ce, "Gwaggo, ko Baba zai so ya zo? Kar ki matsa masa." In ce zan gwada, in yi shiru, bayan kwana biyu in ce bai ce komai ba. Shi kuma Yaya ya tambaye ni, "Mutumin naki lafiya yake? Ba ya neman kowa?" In ce karatu ne ya yi masa yawa. Wata rana na fito zubar da shara na tarar da shi a mota a ƙofar gida, bai kashe inji ba, yana kallon Nasir a waya yana kiɗa a wani babban zaure. Da ya gan ni ya kife wayar. Ya ce, "Ban ga laifinsa ba. Wataƙila ba ya son a ga tsoho da hula da carbi a cikin mutanen nan, ya ji kunya." Innalillahi. Yaya yana zaton ɗansa na ƙyamarsa, ɗan yana zaton ubansa na fushi da shi, ni ina tsakiya ina dafa musu abinci. Sau nawa na yi niyyar faɗa? Na ce bayan azumi. Na ce bari Hafsat ta haihu. Na ce bari ya gama makaranta. Kullum da dalilina.

Sai Allah ya yi ikonsa. Wata safiya Yaya ya faɗi a wurin aiki, jini ya hau, ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya tafi. Amma yana ji, yana gani, likitoci sun ce hankalinsa na nan. Nasir ya taho a ranar. Ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun ubansa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, yana kuka yana cewa, "Baba ka yafe mini. Gwaggo ta gaya mini ka ce ba da yawunka ba, na ji kuma na tafi. Na saɓa maka. Ka yafe mini, Baba." Ina tsaye a ƙafar gadon. Na ga idon Yaya ya buɗe sosai. Ya bar fuskar ɗansa, a hankali ya juyo ya sauka a kaina. Ya gane. A cikin daƙiƙa ɗaya ya gane shekara bakwai. Bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba magana ba, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne, yana ta ƙoƙarin ɗaga hannun da ke da rai. Nasir ya ɗauka ture shi yake, ya saki hannun ya ja baya. Yaya bai daina kallona ba. Roƙona yake in yi magana, na sani kamar yadda na san sunana. Ni ce bakinsa tun da, ga shi ranar da ya fi bukatar bakin. Me na yi? Na ce bari in kira nas, na fita. Kwana biyu bayan nan Yaya ya cika.

Yau shekara uku ke nan, idon nan bai bar ni ba. Ina yanka albasa in gan shi. Ina sujada in gan shi a kan darduma. Ina wurin aikina na kula da tsofaffi, wani tsoho ya juyo ya kalle ni, sai cokali ya faɗi daga hannuna. Ƙofar besmen na sa mata makulli, amma da rana tsaka, gida ba kowa, sai in ji kamar ana danna fiyanon nan, wuri ɗaya ana maimaitawa. Na je Umra na yi kuka, na yi sadaka da sunan Yaya, na sa an sauke masa Alƙur'ani a gida. Amma ni 'yar malamai ce, na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da sadaka alhali mai haƙƙin yana raye yana ɗaukata uwa.

Abin da ya taso da maganar yanzu fim ne. Nasir ya yi suna daidai gwargwado, ana gayyatarsa garuruwa. Wata mata baƙar fatar Amurka mai shirya finafinai ta ce za ta yi fim a kan rayuwarsa, ba wasan kwaikwayo ba, irin wanda ake bin mutum da kamara ana hira da danginsa: yadda ɗan Hausawa ya zama mai kiɗan fiyano duk da gidansu ba sa so. Suka zo Largo da fitilu da wayoyi, suka sa na buɗe besmen, suka zaunar da ni a kujerar Yaya. Matar tana da kirki, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Ta ce Nasir ya ce ni kaɗai ce na tsaya masa a gidan. Ta tambaye ni me ubansa ya ce ranar da aka kai masa takarda. Na gyara mayafi, na kalli kamara, na maimaita ƙaryar da Turancina na kasuwa. Har na ƙara da cewa mutumin da ne, ba laifinsa ba ne, haka al'adarmu take. Kun ji fa, ni ce ma nake nema masa uzuri! Matar ta share hawaye ta rungume ni.

Makon jiya suka kawo mana abin da suka haɗa don dangi su gani kafin a kammala. Muka zauna a falo, ni da Hafsat da mijinta da Nasir da matar mai fim ɗin. Aka nuno hoton Yaya da hularsa, fuska a ɗaure kamar yadda yake yi in za a ɗauke shi hoto, aka sa wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashi. Duk wanda ya kalla zai ce ga mugun uba. Mutumin da ya ce a ce musu ɗana ne! Sannan aka nuno ni, an rubuta a ƙasa wai gwaggon da ta rene shi, ta yarda da shi. Hafsat ta dafa ni tana cewa Mama kin fito da kyau.

Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Can wajen ƙarshe aka nuno Nasir shi kaɗai a bayan dandali, yana kallon hannunsa na dama. Ashe tun bayan rasuwar Yaya hannun ke masa rawa in zai hau wasa, likitoci sun duba ba su ga komai ba. Bai taɓa gaya mini ba. A fim ɗin ya ce, da Turanci, a wurinsu an yi imani duk abin da aka gina ba da albarkar uba ba, ba ya ƙarko. Ya ce ya roƙi gafara a asibiti ubansa ya ture hannunsa. Ya ce duk tafin da ake masa ji yake kamar na sata ne, kuma ya yanke shawara in ya gama wasannin da ya riga ya yi alkawari a bana zai rufe fiyano, ko Allah ya sa ubansa ya huta a kabari. Matar ta tsayar da fim ɗin ta ce ita ba ta so ya ƙare haka, ta yi ta lallashinsa ya ƙi. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar a ji ni.

Yaron nan shekararsa ashirin da takwas. Bai yi aure ba, ya ce wa Hafsat wai wanda uba bai yafe wa ba, me zai ba 'ya'ya? Ya rame, yana murmushi amma idonsa ba ya yi. Yana ɗauke da fushin da babu shi, ba a taɓa yin sa ba, ni na ƙera shi a kan matakala. Albarkar da yake nema ido rufe tana nan a wurina shekara goma, kalma-kalma, ban manta ko ɗaya ba. Amma in na ba shi, me zan ce? In ce babanka ya amince tun ranar farko, ni na hana ka ji? In ce shekara bakwai da ka yi kana gudunsa, yana mota yana kallonka a waya? In ce a asibiti ba ture ka yake ba, jawo ka yake son yi, ni na fita na bar shi? Wane ɗa ne zai ji wannan ya ƙara kallona? Zai ma yarda, ko zai ce na ƙirƙira ne don kar ya bar kiɗa? Ba ni da shaida, daga ni sai Allah sai wanda ke ƙasa. Hafsat kuma fa, in ta ji don aurenta na yi, da wane ido za ta kalli ɗan'uwanta? Mutanen nan da muke haɗuwa a masallaci da gidan suna, da suka san ni da Hajiya mai riƙon maraya? Na san wannan duk son kai ne. Na sani. Amma tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, ba ni da kowa a ƙasar nan sai yaran nan biyu.

Shekaranjiya da hantsi ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi ciwon ƙafata. Sannan ya ce, "Gwaggo, akwai abin da nake son tambayarki tun da daɗewa." Na ce ina jin ka. Ya ce, "Ke kaɗai kika ji abin da Baba ya faɗa ranar nan. Na san ki, kina da tausayi. Na daɗe ina jin ba duka kika gaya mini ba." Na zauna a kan matakalar bene. Na ce me kake nufi? Ya ce, "Ina jin kin rage ne don kar ki karya mini zuciya. Gwaggo, in tsine mini ya yi, ki faɗa mini. Na girma, zan iya ɗauka. Gara in sani da wannan zaman da nake yi."

Ya ce ba sai na amsa a waya ba, ran Asabar zai shigo jirgin ƙasa ya zo, shi kaɗai, ba kamara, mu zauna in maimaita masa maganar ubansa daidai yadda ta fito. Ya ce, "Na san ba za ki yi mini ƙarya ba." Na ce Allah ya kawo ka lafiya.

Yau Alhamis. Ɗan da ubansa ya sa wa albarka zai zo ya durƙusa a gabana yana roƙon in tabbatar masa an tsine masa. In na faɗi gaskiya na ba shi ubansa, na rasa shi. In na yi shiru ya ci gaba da ɗaukata uwa, ya rufe fiyano, ya rayu yana zaton shi la'ananne ne, ni kuma in je in haɗu da Yaya a gaban Allah. Malamai da ke shafin nan, iyaye mata, 'ya'yan da aka taɓa zalunta, ku gaya mini ta inda ake fara irin wannan magana. Saura kwana biyu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni 'yasu, me zan yi?